Gwangwanin Goggo Fatsuma

Ranar da aka kawo Goggo Fatsuma wani asibiti a Tambuwal, a bayan babur ta zo, ɗanta Lauwali yana tuƙi, ƙafarta ta hagu naɗe da tsohon zane tana reto a gefe. Da aka kwance zanen, matan da ke kusa suka ja gefen mayafi suka toshe hanci. Diddigen ya kumbura ya yi duhu, mugunya tana tsattsafowa. Likitan, Dakta Attahiru, ya daɗe yana dubawa kafin ya ce za a yi iya ƙoƙari a ceci ƙafar, amma ba zai yi alkawari ba.

Goggo ta ɗaga kai ta dube shi ta ce, "Likita, wagga ƙafa ta riga ka zuwa asibitin ga. Ka yi mata kara."

Gaskiya ta faɗa. Tun kafin a turo shi aiki wurin, ƙafar tana zirga-zirga tsakanin gadajen majinyata.

Goggo yayar mahaifina ce. A Fakku aka haife ta, cikin ƙasar Kebbe, a can ta yi aure, a can ta tsufa. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, idan tana magana hannunta ba ya rasa abin yi. Mijinta Sambo manomi ne mai 'yan shanu. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi a asibiti tsawon wata damina, ita ce ta yi jinyarsa har ya cika. Da suke haɗa kaya za su tafi da gawa, wata nas ta miƙo mata leda ɗauke da ragowar magungunansa. A gadon da ke kusa akwai wani saurayi da zazzaɓi ya gigita, ubansa yana zaune zugum domin ba a sayo masa komai ba. Goggo ta ajiye ledar a gabansa ta ce Allah ya kai ladan kabarin Sambo.

Saurayin ya tashi. Bayan kaka ya zo har Fakku da kwandon albasa yana godiya. Ban san abin da ya warkar da shi ba, wataƙila maganin ne, wataƙila jikinsa ne ya yi nasara da kansa. Ita dai Goggo ba ta taɓa yin tantama ba.

A wajenmu idan mutum ya rasu, akan raba tufafinsa da takalmansa sadaka domin lada ya riske shi. Goggo ce ta ƙara magani a cikin abin da ake rabawa. Da farko ita take tambaya idan ta je gaisuwar mutuwa, daga baya mutane suka riƙa kawo mata da kansu, ranar sadakar uku ko bayanta, a ƙulle cikin leda. Tana zuba su a wani babban gwangwanin madara da take ajiyewa a ƙarƙashin gado. Akwai kafso ja-da-yalo, akwai ja-da-baƙi, da farare manya, da waɗanda rubutunsu ya goge. Tana da reza ta musamman da take yanka katin magani da ita.

Rabonta irin rabon naman layya ne, kowa ya samu ko da kaɗan. Biyu-biyu take bayarwa. Mai maruru biyu, mai ciwon haƙori biyu, mai jego biyu. Idan miki ne sai ta ɓare kafso ta barbaɗa garin a kai. Har maraƙi idan ya yi zawo akan zo wurinta. Ba ta taɓa karɓar ko ƙwayar goro ba, abin da take so kawai a ambaci sunan mamacin a yi masa addu'a. Tana tune da wanda ya bar kowane iri.

"Wanga na Malam Uthman na," takan ce. "Ki ce Allah shi jiƙanai kafin ki haɗiye."

Bayan haka ta zama mai yi wa mutanen gari jinya. Duk wanda za a kwantar a Tambuwal daga Fakku, idan danginsa ba su san kan asibiti ba, Goggo ake ɗauka. Ta san inda ake yankar kati, ta san nas mai faɗa da mai sauƙin kai, ta san lokacin da famfon bayan ɗakin mata yake kawo ruwa. Tana zuwa da robar wankinta da tsumma. Idan ta gama da nata majinyacin ta hango wata ba mai kula da ita, sai ta matsa da robar can. Nas-nas suna yi mata faɗa, suna kuma jin daɗin zuwanta, domin hannuwa sun yi musu kaɗan.

Ni a Tambuwal na tashi. Da na shiga jami'a a Sakkwato na karanci ilimin ƙwayoyin cuta, waɗannan ƙananan halittu da ido ba ya gani. Goggo ta raɗa mini suna likitar ƙwari. Lauwali kuwa, da yake taubashina ne, ya fi ta tsokana. Duk sanda na je hutu sai ya miƙo mini tafin hannunsa ya ce, "Kamila, duba mini, nawa ne a nan? Ki gaya musu su biya kuɗin haya."

A shekarata ta uku aka koya mana wani gwaji. Ana shafa ƙwayoyin cuta a kan ɗan faranti mai ɗauke da abincinsu, a jera ƙananan takardu masu zagaye a kai, kowace an jiƙa ta da magani daban, a ajiye a wuri mai ɗumi. Washegari ƙwayoyin sun tsiro sun rufe farantin. Amma inda magani yake aiki, za a ga fili fes kewaye da takardarsa. Inda ba ya aiki, ƙwayoyin sukan tsiro har jikin takardar. Malaminmu ya ce abin da ya fi koya musu taurin kai shi ne a ba su magani kaɗan, wanda zai taɓa su bai kashe su ba. Yana faɗar haka na tuna da rezar Goggo.

Da na je Fakku hutun nan, na daɗe ina juya maganar a raina. Ba ni da sabon yi wa manya gyara. Wata safiya tana tsince wake a tsakar gida, na zauna kusa da ita na nuna mata hoton farantin a wayata. Ta kawo fuskarta kusa ta ƙura ido.

"To, awa akuya ga turke," ta ce. "Ta cinye ciyawad da ke kewaye da ita."

Na ce haka ne, filin nan shi ne alamar magani yana ci.

"Wagga fa? Mi ya hana ta ci?"

Na ce ciyawar ce ta fi ƙarfinta. Na ce idan mutum ya sha biyu ya bari, masu rauni ne suke mutuwa, masu tauri su rage su hayayyafa, kuma sun riga sun san maganin. Gobe ko an kawo shi da yawa ba zai yi musu komai ba. Haka na yi ta bayani har na kai ƙarshe.

Ba ta yi fushi ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta, can ta ce, "Na ji ki, ɗiyata. To in mutum goma sunka zo ƙofata, in ba guda duka, in kori tara?"

Na ce su je asibiti a duba su.

"Su tai da mi? Ke kin san inda Fakku take."

Na ce to gara a zubar da shi.

"A masai? Abin da mamaci ya bari? Tashi ki tai ki gaya wa matatai haka, ni ban iyawa."

Har yau ban samo amsar da za ta shiga kunnenta ba. Ta ɗebi waken ta ce in hura wuta.

Bayan na gama karatu, wata malamarmu ta ɗauke ni cikin masu taya ta bincike a kan cututtukan da ake ɗauka a cikin asibiti. Aikina shi ne in karɓi samfuri daga mikin da ya ƙi warkewa, in shuka a faranti, in auna filin. A lokacin ne Goggo ta taka tsinin karan dawa a gona, bayan girbi. Ya shige ta diddige, daidai inda faso ya riga ya tsaga. Ta cire, ta barbaɗa ja-da-yalo, ta ɗaure. Cikin kwanakin aka yi wa matar maƙwabcinta tiyata a Tambuwal, ɗinkin ya ƙi kamewa yana ruwa, aka zo aka ɗauki Goggo jinya. Silifa yana fama mata ciwon, don haka ta ajiye shi. Da ƙafa tsirara ta riƙa tsayawa a bakin famfo tana wanke tsummokaran ɗakin, ruwan yana bi ta ƙarƙashinta.

Matar ta warke ta koma gida. Goggo ta koma da ƙafar da ba ta shiga takalmi. Ta sha abin da ke gwangwani iri-iri, biyu na wannan, biyu na wancan, har ranar da Lauwali ya ɗora ta a babur ba da son ranta ba.

A asibitin aka gano tana da ciwon suga da ba ta san da shi ba. Aka kankare mikin, aka sa mata allura ta jijiya. Bai ji ba. Aka canza wata, kumburin ya haura idon sawu. Aka sake canzawa. Tana kwance a ɗakin da ta saba yi wa wasu hidima, tana ba da umarni daga kan gado: a juya waccan tsohuwar, a ɗaga wa waccan kai. Robar wankinta tana ƙarƙashin gadon, nas ta hana a taɓa ta.

Na nemi izinin Dakta Attahiru na ɗauki samfuri da auduga a bakin tsinke, na shiga motar Sakkwato da shi. Da na buɗe farantin bayan ƙwayoyin sun tsiro, sai na ga sun rufe takardun nan ɗaya bayan ɗaya, har da na alluran da ake yi mata. Takarda ɗaya ce kawai take da fili, shi ma siriri. Malamata ta duba ta ce zai iya yi, idan an sha shi daidai kuma an sha shi duka.

Maganin na haɗiya ne, ba a samunsa a Tambuwal, sai da aka bi shaguna a Sakkwato. Da aka fara ba ta, abin ya ba kowa mamaki. Warin ya ragu, kumburin ya sauka, gefen mikin ya fara yin ja mai kyau. Goggo ta fara takawa zuwa bakin ƙofa tana dafa bango. Daga nan ta tayar da rigimar gida, ga shi ana buƙatar gadon. Dakta Attahiru ya sallame ta da sauran maganin, ya tsaya a kanta ya yi mata magana a hankali.

"Inna, wannan shi ne na ƙarshe da muke da shi. In ya ƙi, ƙafar za a cire. Safe da yamma, kullum, har ya ƙare. Ke kaɗai."

"Na ji, likita."

Ni ma na durƙusa a gabanta na ce, "Goggo, don Allah wannan kada ya shiga gwangwani."

Ta dafa kaina ta ce, "Likitar ƙwari ta yi magana. In sha Allahu."

Kafin su isa Fakku labari ya riga su: Goggo ta dawo da maganin Sakkwato, wanda ya tayar da ƙafar da za a yanke. Abin da ya biyo baya Humaira ce ta ba ni labari, matar Lauwali. Masu sannu da zuwa suka cika gidan, kowa ya gaishe ta sai ya ɗan jinkirta. Wata ta zo da yarinya mai ƙurji a wuya. Wani tsoho ya nuna gyambonsa na shekaru. Duk mutanen da ta saba ba su ne, ba su taɓa fita ɗakinta hannu wofi ba. Kwanakin farko ta riƙe. Humaira ta ce tana ganin yadda take kawar da kai idan sun tashi tafiya, kamar wadda ta ɓoye abinci a gaban baƙo. Ran nan uwar yarinyar ta dawo tana kuka, Goggo ta ce a miƙo mata reza.

Ba ta daina sha ba. Ta dai mayar da shi sau ɗaya a rana, daga baya yau ta sha gobe ta huta, domin ya isa kowa.

Da na je duba ta, tun daga zaure na ji warin. Tana zaune a kan tabarma, ƙafar miƙe, ƙudaje suna bin zanen. Na ce ta nuna mini maganin. Humaira ce ta janyo gwangwanin. Katin yana ciki an yayyanka shi biyu-biyu, saura kaɗan, cakuɗe da na Malam Uthman da na sauran matattu.

"Kak ki dube ni haka," in ji Goggo. "Ƙafag ga ta yi sauƙi, na gani da idona. Ita kau yarinyar wuyanta kamar shi fashe."

Na tambaya ko yarinyar ta warke.

"Ubanta ya kai ta Dogon Daji anka tsaga mata. Amma ai na yi nawa."

Lauwali yana tsaye a bakin ƙofa. Ya buɗe baki zai yi wasan da ya saba, ya fasa.

Muka mayar da ita asibiti. Na sake ɗaukar samfuri, na sake shiga motar Sakkwato. Wannan karon ƙwayoyin sun tsiro har jikin takardar nan ɗaya, babu fili ko na bakin allura. Na sake shukawa a sabon faranti ko na yi kuskure. Abin da ya fito ke nan.

A Sakkwato aka yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa. Goggo ta yi gardama da farko, ta ce tana so ta koma ga Ubangijinta yadda ya aiko ta, sai da mahaifina ya zauna da ita ya lallashe ta. Da ta farfaɗo ta dubi inda zanen ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa, ta ce a tabbata an binne ƙafar da mutunci, domin ta yi wa mutane tafiya.

Dungun bai kame ba. Ɗinkin ya buɗe, mugunya ta dawo, zazzaɓi yana tafiya yana dawowa. Likitocin can sun gwada abin da ke hannunsu, wasu alluran suna wahalar da ƙodarta fiye da yadda suke taɓa ciwon. Daga ƙarshe suka ce a ci gaba da wanke mata, a kuma yi addu'a. Ta ce a kai ta gida.

Mutane suna tambayata daga ina cutar ta fito, daga bakin famfon ne ko daga gwangwanin. Ba wanda zai iya tsagewa ya faɗa. Mai yiwuwa a asibiti ta ɗauko ta da taurinta, mai yiwuwa shekarun biyu-biyu ne suka raine ta a Fakku ta bi majinyata zuwa asibiti, Goggo ta tarar da ita can. Abin da na sani shi ne farantinta ba shi kaɗai ba ne a ɗakin gwajinmu. Irinsa suna zuwa daga ɗakin haihuwa da na tiyata da na yara, kuma sun fi na bara yawa. Muna aunawa, muna rubutawa, malamata tana kai sakamakon taro. Sabon magani dai bai zo ba.

Ganina da ita na ƙarshe, ta rame har zoben azurfarta yana zamewa. Ta ce in matso. Ta riƙe hannuna da nata mai zafi.

"Kin sake ɗaure akuyoyin naki?"

Na ce na sake.

"Ko guda ba ta ci ba?"

"Ko ɗaya, Goggo."

Ta gyaɗa kai. "To ciyawa ta yi ƙarfi," ta ce. Sannan ta tambaye ni ko an ba maraƙin Lauwali ruwa.

Ta rasu gero yana fitar da kai. Fakku ba ta taɓa ganin jana'izar mace mai yawan mutane haka ba, har daga Tambuwal wasu nas-nas suka zo gaisuwa.

Ranar sadakar uku aka raba zannuwanta da mayafanta, da silifa guda da ya rage. Bayan an shafa fatiha, Lauwali ya shigo cikin gida da babbar leda. Ragowar duk abin da aka rubuta mata ne tun daga Tambuwal har Sakkwato, magunguna masu ƙarfi da Fakku ba ta taɓa gani ba, waɗanda ko ɗaya bai warkar da ita ba. Ya ajiye kusa da gwangwanin a gaban Humaira. Ya ce wasiyyar Inna ce, a raba.

Na bi shi zaure na ce, "Yaya Lauwali, kada a raba. Ka ba ni in tafi da su."

Ya dube ni, babu wasa a fuskarsa. "Kamila, ta yi wa matattan garin ga duka. Ita ce za a hana nata ladan? Shiga ki gaya wa matan can da bakinki."

Na shiga. Tsakar gidan cike take, wasu da goyo, wasu sun riga sun matso gaba. Na faɗi abin da na sani, da ƙarfin da muryata take da shi. Suka saurare ni da ladabi. Wata ta ce Allah sarki, 'yar ɗan'uwanta ce, ita ta yi ta wahala da ita. Wata ta matsa mini a tabarma ta ce in zauna in huta.

Humaira ta riga ta samo rezar. Ta yanka na farko ta miƙa wa wata tsohuwa, tsohuwar ta karɓa da hannu biyu, ta ƙulle a gefen zanenta.

"Wanga na Goggo Fatsuma na," in ji Humaira.

"Allah shi kai lada kabarinta," in ji tsohuwar.

Gidan gaba ɗaya ya amsa da amin, wadda ke bayan tsohuwar ta matso.